Titin da Aka Binne a Cikin Wasa

SHAFI NA 31

Masu cika min akwatin saƙo da "ina sauran, ina sauran", na ji ku, ku sassauta min, hannu biyu gare ni. Ke kuma da kika ce za ki yi min Allah ya isa in na bari aka ɗaure Birki, riƙe abinki tukuna.

Waɗanda suka shigo yau, ga inda muke. Birki direban tsere ne. Wani kamfani mai haɗa wasan tseren mota na kwamfuta ya ɗauke shi ya tuƙa mota ta gaske a titin kan dutse, don a naɗi tuƙinsa a saka a wasan. Motar ta faɗa kwazazzabo, Mai Taswira da ke zaune gefensa yana karanta masa kwanonin hanya ya rasu. Aka ce ganganci Birki ya yi, ko birkin bai taka ba. Yana tsare, ranar Litinin za a yanke masa hukunci. Mijin yayarsa kuma injiniya ne a wannan kamfanin.

* * *

Yaya ba ta bari ya cire takalmi ba.

"Zo ka zauna nan."

Injiniya ya tsaya a bakin ƙofar falo da jakar aiki a kafaɗa, yana haki.

"Kin ce in baro ofis ko me nake yi. Na zaci jikin Baba ne. Gudun da na yi a hanya Allah ne kawai ya tsare."

"Baba ya sha magani ya kwanta. Zauna na ce."

Ya ajiye makullansa na gida da na mota a kan tebur, ya dubi wurin. An ture kwanukan safe gefe ba a wanke ba, kwamfutarta a buɗe, wayoyi sun harɗe da juna. Ita kuwa ɗankwali ya zame har wuya, idanu sun yi jawur.

Kowa Yaya yake ce mata. Daga bakin Birki abin ya fara, har mijin nata ya ɗauka. A intanet kuwa 'Yar Tono aka san ta, don aikinta ke nan: ta farke cikin wasannin kwamfuta, ta zaƙulo motocin da aka ƙera aka fasa saki, da titunan da aka gina aka watsar, ta nuna wa mabiyanta. Wasa ɗaya ne ta yi rantsuwar ba za ta taɓa ba, wanda ya cinye rayuwar ƙaninta. Sai jiya da lauya ya ce mata, "Hajiya, ni fa na ƙure, sai dai addu'a," sannan ta karya rantsuwar ta sauke shi.

"Ka san wannan?" ta ce, ta juyo masa allon.

Titi ne ya bayyana, ba a gama gina shi ba. Bishiyoyi fari fat ba launi, sama kamar an shafa toka, gefen hagu dutse, gefen dama rami.

Injiniya bai zauna ba. Jakar ce ta zame daga kafaɗarsa ta faɗi.

"Ina kika samo shi?"

"Ba ka ce mene ne ba. Ina na samo shi ka ce."

"Yaya..."

"Cikin sautukan taya na same shi. An cusa shi can ƙasa, an yi masa suna kamar shara. Titin da kuka ce kun goge ke nan. Titin da aka ce don mutunta mamaci aka cire daga wasan."

"Raguwar aiki ce. Kin fi kowa sani, kowane wasa yana da irinta."

"Haka na zata. Sai na ga mota a ciki."

Ta danna. Wata mota mai shara-shara kamar inuwa ta fito kan titin ta ɗau gudu, ba mai tuƙa ta. A ƙasan allon layuka uku suna motsi.

"Ba sai na koya maka aikinka ba," ta ce. "Wannan ba zane ba ne. Tuƙinsa ne na ranar, yadda na'urarku ta naɗa. Kore totur, fari gudu, ja birki. Kalli jan."

"Kashe."

"Kalli jan na ce!"

Motar ta sha kwana, ta sha wata, ta miƙe gangara. Koren layi ya faɗi. Jan ya tashi ya cika fam, ya tsaya a cike. Farin kuwa bai ragu ba, sai ma ƙaruwa. Jan ya sauka, ya sake cika, ya sauka, ya sake cika. Daga nan motar ta wuce bakin titin ta ɓace.

Ta juyo ta dube shi.

"Ya taka," Yaya ta ce. "Ya taka har ƙasa. Ya yi ta bugawa. Ƙanina ya taka birki, birkin ne bai ci ba."

Injiniya ya ja kujera ya zauna.

"Manajanku ya tsaya gaban alƙali ya rantse cewa na'urar ta ƙone da motar, ba abin da ya iso gare ku. Kana zaune a bayansa, ka sunkuyar da kai. Wallahi na zaci tausayinmu kake ji. Har na riƙe hannunka a mota ina ba ka haƙuri."

"Ba ki san ko wane ne ya saka shi a nan ba."

Ta yi wata dariya mara daɗin ji.

"Ni? Na san yadda kake sa wa fayil suna kamar yadda na san minsharinka. Kai ne. Bayan haɗarin ka saka shi, ba kafin ba."

Bai musa ba.

"Na kira lauya," ta ci gaba. "Ya ce in ni kaɗai na kai, za su ce haɗawa na yi, tunda an san sana'ata. Sai wani daga kamfanin ya tsaya ya ce nasu ne. Kuma akwai sauti haɗe da shi, a kulle. Maganar da aka yi ta rediyo ranar. Ita yake so. Ba ni kalmar sirrin."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba, ko ba za ka yi ba?"

"Duk biyun."

Ta tsaya tana kallonsa. Mutumin nan ne mai kai wa Birki sabulu da magani kowane mako. Shi ne mai tashi ya shafa wa Baba man zafi a ƙafa. Ta ji kamar baƙo ne ya shigo mata gida da fuskar mijinta.

Sai ta sauko daga kujera ta durƙusa a gabansa, ta kama ƙafar wandonsa.

"Don girman Allah. Ban taɓa durƙusa maka don wani abu ba, yau ga ni. Ka ga yadda ya koma? Haƙoransa sun fara zuba. Wancan zuwan da na yi, sai da ya ɗan jima kafin ya gane ni. In aka yanke masa shekarun da lauya ke faɗa, gawarsa za a ba mu."

"Tashi, Yaya."

"Ba zan tashi ba. In muryarka ce a ciki, in kai ne ka ce masa ya tafi da mota a lalace, na yafe maka. Ka ji? Na yafe tun kafin in ji. Zan tsaya maka, zan nemo maka lauya, zan jira ka ko shekara nawa ne. Ka dai fito min da ɗan'uwana."

Hawaye ya gangaro masa. Ya sa hannu zai ɗaga ta, ta fizge.

"Da muryata ce, da tuni na kai kaina."

"To ta wace ce? Manaja? Shi kake karewa? Don aiki?"

"Aikin banza! Ki bar shi a kulle. Gobe da safe za a saki sabon gyara na wasan, zai share duk tsofaffin fayiloli, har da wannan. Ki bari ya tafi."

Ta miƙe tsaye a hankali.

"Gobe da safe?"

"E."

"Ka sani. Kana zaune kana jira a share."

"Ina jira in huta ne. Ba ki san abin da nake ɗauke da shi ba."

Ta goge fuska da bayan hannu, ta jawo wayarta.

"Shi ke nan. Yanzun nan zan hau kai tsaye. Zan nuna wa mabiyana inda yake, kowa ya buɗe nasa wasan ya gani da idonsa kafin ku share. Cikinsu akwai waɗanda fasa kulle ne abincinsu. Kafin magariba duniya za ta ji sautin nan, da kai ko ba kai."

Ya yi wuf ya riƙe wuyan hannunta.

"Kar ki yi! Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Wallahi in duniya ta riga ki ji, ba za ki yafe wa kanki ba."

"Sake ni."

"Ba ni na kulle bakina ba. Birki ne."

Wayar ta tsaya a hannunta.

"Me ka ce?"

"A asibiti. Ranar da ya farfaɗo, kafin ku iso. Ya kama rigata ya ce, kun naɗa? Na ce mun naɗa, ya iso mana kafin motar ta kama wuta. Ya ce in goge. Na ce ba zan goge abin da zai wanke shi ba. Ya sa na rantse ba zan nuna wa kowa ba. Manaja ma ya ce a goge, shi don kansa. Na kasa gogewa, na kasa fitarwa. Sai na binne shi a cikin wasan, na ce in Allah ya so a gani, wani zai tono. Ban taɓa zaton ke ba ce. Kin rantse ba za ki taɓa shi ba."

"Ƙarya kake. Wane mahaukaci ne zai zaɓi kurkuku yana da gaskiya?"

"Mai uba."

Ba ta gane ba. Ko kuwa ta gane, zuciyarta ta ƙi karɓa.

Injiniya ya waiga ya dubi lungun da ke zuwa ɗakin Baba. Ya jawo kwamfutar, ya buga wasu haruffa, ya miƙa mata abin saurare.

"Sa a kunne. Kar ki bari ya fito fili."

Ta sa. Iska ce ta fara, da ƙarar sifana a kan ƙarfe. Sai muryar Manaja.

"Malam, titin nan yau kaɗai aka rufe mana. Rana na tafiya. Mota ta tashi ko ba ta tashi ba?"

Muryar da ta amsa, Yaya ta san ta tun kafin ta san tata.

"Tiyon birki yana tsatsa. Sabon bai iso ba."

Baba.

Baba, bakaniken da ya yi rayuwarsa a ƙarƙashin mota, wanda Birki ya ce ba zai hau motar kowa ba sai wadda ubansa ya duba.

"To a ɗaure shi mana," in ji Manaja. "Hawa ɗaya ne, sauka ɗaya. In ba a yi yau ba, ku tattara, akwai wasu direbobin."

Ƙarar ƙarfe. Sai ga muryar Birki, sakayau, cike da nishaɗi.

"Baba, yaya? In hau?"

"Na ɗaure shi. Zai kai ka ya dawo da kai."

"Ka tabbata?"

"Kai, tafi can! Ni da na ɗora ka a cinya na koya maka sitiyari, ni zan ba ka motar da za ta cuce ka?"

Mai Taswira ya fashe da dariya. "Ka dai ji. In Baba ya ce jaki zai tashi sama, ɗaura bel kawai."

Yaya ta dafe bakinta. Ta tuna ranar a asibiti. Baba ya shigo, bai tambayi ƙafar ɗansa da ta karye ba, abu ɗaya ya tambaya: "Birkin ya ci?" Birki ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Ya ci, Baba. Ni ne ban taka ba. Na so in burge masu ɗaukar hoto." Tun daga ranar Baba bai sake ambaton sunansa ba. Bai je kotu ba, bai je gidan yari ba. Ya rufe gareji, zuciyarsa ta kumbura, likita ya ce a kiyaye masa tashin hankali, shi ya sa suka dawo da shi gidansu.

A kunnenta injin yana kuka. Mai Taswira yana jero kwanoni. "Hagu, rage. Rage. Rage mana!"

Ta zabura ta miƙe, ba ta san ta ja baya ba. Wayar abin sauraren ta fizge daga jikin kwamfutar.

Muryar Birki ta cika falon.

"Ba ya ci! Baba, ba ya ci! Birkin ba ya ci, Baba!"

Injiniya ya daka tsalle ya danne. Sautin ya yanke.

"Mayar da shi."

Suka juya tare.

Baba ne tsaye a bakin lungun, cikin singileti da wandon barci, hannu ɗaya dafe da bango. Ba wanda ya san tun yaushe.

"Baba, wasa ne kawai," Yaya ta ce da sauri, tana tare allon da jikinta. "Aikina nake yi, irin surutun nan ne na..."

"Uwata." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. "Ban haifi maƙaryaci ba sai ɗaya, shi ma yanzu nake jin dalilinsa. Matsa."

Ta matsa.

Ya tako a hankali ya zauna a kujerar da ta tashi. Ya dubi surukinsa.

"Daga farko."

"Baba, likita ya ce..."

"Likita ba shi da ɗa a kurkuku. Daga farko."

Injiniya ya mayar. Suka tsaya a kansa, Baba ya saurari kansa yana cewa zai kai ka ya dawo da kai. Ya saurari dariyar Mai Taswira. Ko gezau bai yi ba, sai leɓensa na ƙasa da ke motsi. Da motar inuwar ta miƙe gangara, ya sa yatsa a kan allon.

"Wannan jan mene ne?"

Yaya ta sunkuyo kan allon. "Ƙafarsa ce a kan birki."

"Har ƙasa."

"Har ƙasa, Baba."

"Yana bugawa yana saki. Haka na koya masa in mai ya tsiyaye." Ya gyaɗa kai. "Daidai ya yi. Duk abin da ya kamata ya yi, ya yi."

Motar ta ɓace. Baba ya ci gaba da kallon titin da ba kowa.

"Ɗan banza na ce masa. Yana kwance da ƙarfe a ƙafa. Na ce ya kashe ɗan mutane don neman suna, ba ni ba shi. Da ya ce min birkin ya ci, kun san abin da na ji? Sanyi na ji a raina. Ban sake tambaya ba. Ban so in sake tambaya ba."

"Baba, ba kai kaɗai ba ne," Injiniya ya ce. "Manaja ne ya matsa. Yana ciki, kowa zai ji."

"Manaja ya san tiyo? Ni na sani."

Yaya ta durƙusa gefensa ta riƙe gwiwarsa. Kanta ya kulle. In ta kai sautin, Birki zai fito, tsohon nan ya shiga inda ba zai yi wata guda da rai ba. In ta bari gari ya waye, an share, Birki ya tafi ke nan.

"Za mu san yadda za a yi," ta ce, tana kuka. "Zan yanke farkon. A kai layukan kawai, da ihun da ya yi. Ba sai an ji..."

"In kika yanke, za su ce haɗawa aka yi," in ji Injiniya a hankali. "Ko duka, ko babu."

"To ka yi shiru mana! Ka yi min shiru in yi tunani!"

Baba ya ɗora hannu a kanta, ya gyara mata ɗankwalin da ya zame, kamar tana ƙarama.

"Ya isa, Uwata. Ba abin kuka ba ne. Maƙogwarona ya bushe, ɗan kawo min ruwa. Mai ɗumi, ba na firji ba." Ya dubi Injiniya. "Kai kuma duba min ƙarƙashin matashi, ƙwayar nan ta sa wa ƙarƙashin harshe. Ƙirjina ya ɗan riƙe."

Injiniya ya ruga ɗaki. Yaya ta shiga kicin, ta tsiyaya ruwa daga fulas a kofi.

"Babu a ƙarƙashin matashin!" Injiniya ya ɗaga murya daga ciki. "Baba, ko cikin aljihun riga?"

Ba amsa.

Ta fito da kofin. Kujerar ba kowa. Kwamfutar na nan. Makullan Injiniya da ke kan tebur ne babu.

Ƙofar falo ta rufu. Ta ji makulli ya juya daga waje.

"Baba?"

Kofin ya suɓuce ya fashe. Ta faɗa kan ƙofar tana jijjiga hannun.

"Baba! Buɗe! Ina za ka? Baba, don Allah ka yi min magana!"

Injiniya ya fito a guje ya nufi taga, ya kama ƙarafunan yana leƙe.

"Ya buɗe get," ya ce. "Yaya, ko takalmi bai sa ba."

A tsakar gida, injin mota ya tashi.